Jami'ar Da Ta Bi Masu Ciki Har Gidan Yari: Abin Da Na Gani A Minesota

Jihar Minesota tana can ƙuryar arewacin Amurka, ta yi iyaka da Kanada, kuma duk wanda ya ji za ka can, kafin ya yi maka fatan sauka lafiya sai ya ja maka kunne kan sanyi. Ba su yi ƙarya ba. Hunturu ya kankama lokacin da na sauka Miniyapolis. Tafkunan da jihar ke tinƙaho da su, waɗanda suka haura 10,000, duk sun daskare, har ka ga mutum ya kafa 'yar rumfa a tsakiyar tafki, ya huda ƙanƙara yana kamun kifi. Ni ungozoma ce, kuma kwas na ƙaro ilimi kan lafiyar uwa da jariri ne ya kai ni Jami'ar Minesota. An koya mana abubuwa da yawa, Allah ya saka wa malaman da alheri. Amma abin da ya tsaya mini a rai, har na ga ya wajaba in ba 'yan'uwa labari, ba ya cikin jadawalin darussanmu.

An kafa jami'ar a 1851, shekara 7 kafin Minesota ta zama jiha. Kogin Misisipi ya ratsa harabarta ya raba ta biyu, aka haɗa gaɓa da gaɓa da wata gada mai hawa biyu: ƙasa na motoci da jirgin ƙasan cikin gari, sama na masu ƙafa da keke, tsakiyarsa an rufe shi ruf saboda iska mai yankan kunne. Da ka tsallaka yamma ka faɗa unguwar Somaliyawa. A can nake salla, a can nake cin shinkafa da naman akuya, a ajiye mini ayaba a gefen faranti kamar yadda suka saba, in kora da shayi mai kayan ƙamshi. Baƙunci ya yi mini sauƙi saboda su.

Wata abokiyar karatuna ce ta ja ni wani taron ƙara wa juna sani kan mata masu ciki a gidajen yari. A nan na fara jin cewa shekara da shekaru, macen da ta haihu tana zaman kaso a wannan jiha kwana 2 take yi da jaririnta a asibiti, kwana 3 in an yi mata aiki. Daga nan a mayar da ita kurkuku, jariri kuma a miƙa shi ga kaka ko uba ko wata 'yar'uwa, in babu, hukuma ta nema masa gidan riƙo. Na karɓi haihuwa ba adadi. Na ga uwa ta rasa ɗa, na ga ɗa ya rasa uwa. Amma a raba su alhali dukansu suna raye lafiya ƙalau, a yi shi bisa tsari da sa hannu a takarda, wannan ban taɓa kawo shi a raina ba. Tun daga ranar na shiga bin diddigin maganar.

Gidan yarin mata na jihar guda ɗaya ne tak, yana garin Shakopi, kudu maso yammacin Miniyapolis, tafiyar kamar rabin awa a mota. Garin ya ci sunan wani shugaban Dakotawa ne, 'yan asalin ƙasar tun kafin zuwan Turawa. Shiga ciki sai da izini da doguwar tantancewa, don haka zagaya shi muka yi ta waje. Da ba a gaya mini ba, da na rantse kwaleji ce. Gine-ginen bulo ne marasa tsawo a warwatse cikin fili, gidajen jama'a sun kewaye su, ga makarantar firamare a tsallaken titi. Har zuwa 2016 ko shinge babu, 'yan shuke-shuke ne kawai a jere suke nuna iyaka. Wanda aka yi yanzu na baƙin ƙarfe ne da ginshiƙan bulo, ba waya mai ƙaya a samansa.

Asalin gidan ma mace ce ta tsaya aka yi shi. A watan Maris na 1915 wata baiwar Allah, Isabel Higbee, ta je gaban kwamitin majalisar dokokin jihar ta roƙi a gina wa mata wurin tsarewa nasu daban, a daina cusa su inda ake tsare maza. Tana gama jawabi ta yanke jiki ta faɗi a cikin ginin majalisar, rai ya yi halinsa. Kwanaki kaɗan bayan haka aka amince da ƙudurin, aka buɗe gidan a 1920. Na tsaya bakin shingen ina tuna wannan, ina kuma tuna cewa kyawun ginin bai hana a karɓe jariri daga ƙirjin uwarsa ba.

Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Wajajen 2008 wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, Erica Gerrity, wadda ta daɗe tana shiga gidan tana sauraron matan, ta fara haɗa wani shiri na tallafa wa masu ciki, zuwa 2010 aka soma raka su ɗakin haihuwa. Masu rakiyar su ake kira dula. Ba likitoci ba ne, ba sa karɓar haihuwa, ba sa allura. Horo aka ba su na tsayawa da mai naƙuda tun daga farko har ta sauka. Kowane mako suna shiga Shakopi su yi aji da masu ciki da masu 'ya'ya a waje, a yi maganar abinci, alamomin naƙuda, shayarwa, da yadda uwa za ta riƙe zumunci da ɗan da ba ya gabanta. Kowace mai ciki kuma a haɗa ta da dularta, su san juna tun kafin watan haihuwa ya tsaya.

Na samu zama da ɗaya daga cikinsu a wani gidan shayi a Sant Fol, babban birnin jihar. Dattijuwa ce mai sanyin murya. Ta bayyana mini yadda abin yake: naƙuda ta tashi, a ɗauki mace a motar gidan yari zuwa asibitin gari, gandirobobi na tare da ita, ba uwa, ba miji, ba ƙanwa. Fuskar da ta sani, wadda ba ta zo tsaron ta ba kuma ba ta zo aikin asibiti ba, ita ce ta dular kaɗai. Na tambaye ta me take yi idan ciwo ya kai inda ya kai. Sai ta miƙe tsaye a tsakiyar mutane, ta juya ni, ta kafa tafukan hannunta biyu a ƙuguna ta matse, sannan ta sa gindin tafinta a ƙasan gadon bayana ta danna, tana jan numfashi a hankali don in bi ta. Na ji tsigar jikina ta tashi, don wurin da ta danna shi ne daidai wurin da tsofaffinmu ke dannawa. Hannun ya san aikinsa.

Aikin da ya fi nauyi, in ji ta, ba ranar haihuwa yake ba. Ranar rabuwa ce. Dula takan koma asibiti kafin lokacin ya cika, ta zauna da mai jego. Ta ƙarfafa mata gwiwa ta sa jariri a nono ya sha dakashi ko da na kwana biyun ne, don rigakafin da ke cikinsa ba ya samuwa a gwangwani. Ta ɗauke su hoto, ta rubuta labarin haihuwar dalla-dalla, ƙarfe nawa ya faɗo, wa ya fara ɗaukarsa, me uwar ta fara ce masa, don ta samu abin riƙewa a ɗaki, shi ma in ya girma ya san cewa ba yar da shi aka yi ba. In lokaci ya yi, tana nan tsaye har a fita da jariri ta wata ƙofa, a fita da uwa ta wata. Bayan an koma kuma ta bi ta gidan yarin ta duba ta.

Duk ungozoma ta san abin da ke faruwa a rana ta uku. Ranar ce nono ke kawo ruwa, ya cika ya yi tauri, zazzaɓi ya biyo baya in ba a sha ba. Jinin biƙi na zuba, mara na murɗawa, hawaye na zuwa ko babu dalili. A gidajenmu wannan ne lokacin da ake tafasa ruwa tun asuba, ana dama kunun kanwa, ana gasa nama da yaji, kaka na riƙe da jariri tana gasa masa cibiya, 'yan barka na shige da fice, ana shirin suna. Sai an yi arba'in ba a bar mai jego ta ɗaga ko tsinke ba. Ita kuwa ta Shakopi a wannan rana ake ƙirga ta cikin layi, rigarta na jiƙewa da ruwan nono, hannunta babu kowa. Wanda bai san wannan ba ba zai gane girman aikin dular ba.

To ina jami'a ta shigo? Nan ne abin ya fi burge ni. Masu shirin suna da hannu da zuciya, amma hukuma ba ta jin hawaye, lissafi take ji. Sai suka haɗu da wata malama a sashen lafiyar yara na makarantar likitancin jami'ar, Dakta Rebecca Shlafer, masaniyar yadda ƙwaƙwalwa da halayyar yaro ke ginuwa, ta zama shugabar bincike ta shirin. Ba ta zo da tambayoyinta a aljihu ta ɗebi bayanai ta tafi neman ƙarin girma ba. Zama aka yi tare, dula da malama da ɗalibai, aka tsara abin da za a auna, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Aka riƙa tambayar matan halin da suke ciki a farkon aji da ƙarshensa. Aka riƙa rubuta nauyin kowane jariri, wata nawa ya yi a ciki, da kanta ta haihu ko aiki aka yi. Aka tattara abin da dulolin suka rubuta bayan kowace haihuwa aka nazarce shi kamar yadda ake nazarin sakamakon gwajin jini.

Ba su tsaya kan matan kaɗai ba. Sun je sun tambayi gandirobobi abin da suka sani game da mai ciki da yadda suke ji idan aka tura su gadin mai naƙuda, domin su ma 'yan Adam ne, kuma ba wanda ya horar da su don ɗakin haihuwa. Sun bi jarirai gidajen da aka kai su, suka saurari kakanni da gwaggwanni da aka ɗora wa goyo ba shiri. Akwai kuma wani babban bincike da jihar ke yi wa 'yan makaranta duk bayan shekara 3. A 2013 aka sa tambaya a ciki: shin mahaifinka ko mahaifiyarka sun taɓa zama a gidan yari? Amsar ta girgiza mutane. Kusan yaro 1 cikin 6 ya ce e. Da malaman jami'ar suka bi alƙaluman, suka nuna cewa waɗannan yara sun fi sauran fama da damuwa da matsalar karatu. Daga nan maganar ta tashi daga ta 'yan tsirarun fursunoni ta koma ta lafiyar yaran jiha baki ɗaya.

Wannan shaida ce suka kwasa suka kai majalisa, a ginin nan da Isabel Higbee ta faɗi. A 2014 aka yi dokar da ta taƙaita sa wa mai ciki ankwa ko mari, ta hana ɗaure mai naƙuda, ta wajabta yi wa matan da aka kawo gwajin ciki, ta kuma ba mai ciki damar samun dula. Mai karatu zai yi mamakin cewa sai da aka yi doka kafin a daina ɗaure ƙafar mai naƙuda a jikin gado. Ni ma na yi. Amma haka abin yake a jihohi da yawa na Amurka, kuma gwamnatin tarayyarsu ma sai a ƙarshen 2018 ta yi dokar hana shi a nata gidajen yarin.

Ba su ce an gama ba. Suka ci gaba da ƙirga. Tsakanin 2013 da 2020, mata masu ciki 278 aka yanke wa zaman kaso a jihar. Mafi yawansu laifinsu bai shafi zubar da jini ba, da yawa ma saɓa sharaɗin sakin talala ne ya mayar da su, kuma akasarinsu 'yan watanni suka rage musu su fita. Ke nan ana raba jariri da uwarsa a daidai watannin da ya fi buƙatarta, don ta ƙarasa wa'adin da bai kai shekara ba. Matan da suka haihu a tsare suka fito da kansu suka ba da shaida, wasunsu ma yanzu su ne dulolin. 'Yan majalisa mata daga jam'iyyun nan biyu da ba sa ga maciji suka haɗa kai: Sanata Mary Kiffmeyer ta Rifablikan da Jamie Becker-Finn ta Dimokurat su suka ɗauki nauyin ƙudurin. A watan Mayun 2021 Gwamna Tim Walz ya rattaba hannu. Dokar ta ba kwamishinan gidajen yari ikon fitar da mai ciki ko mai jego zuwa wani masauki a cikin gari, ko cibiyar jinyar masu shaye-shaye in tana buƙata, ta zauna da jaririnta ƙarƙashin sa ido har tsawon shekara guda bayan haihuwa. Minesota ce jihar farko a Amurka da ta bi wannan hanya. Ba kowace mace ke samu ba, sai an tantance, kuma masu shirin suna nan suna bibiya suna matsa lamba a faɗaɗa. Amma ƙofar da take kulle tun 1920 ta buɗu.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, su ma sun san haka. A Jami'ar Johns Hopkins da ke Baltimo akwai likitar mata, Dakta Carolyn Sufrin, wadda ta lura cewa ƙasar da ke ƙirga komai ba ta san mata nawa ke haihuwa a kurkukunta ba. Daga 2016 zuwa 2017 ta samu gidajen yarin jihohi 22 da na tarayya suka riƙa aiko mata da rahoto wata-wata. Aka samu mata 1,396 da aka shigo da su da ciki, aka haifi jarirai 753 da rai, aka yi ɓari 46, ba uwar da ta rasu. Can kudu kuma a Alabama, a gidan yarin mata na Tutwiler, an kwaikwayi shirin Minesota, har aka ware ɗaki inda mai jego ke tatsar nono a daskarar da shi a kai wa jaririnta inda yake. Malaman Jami'ar Minesota kuma, tare da abokan aikinsu na Jami'ar Wiskonsin, sun gwada littattafai da faifan shirin yara na Sesame Street da aka yi musamman don 'ya'yan fursunoni. Daga baya cibiyar binciken lafiya ta ƙasar ta ba da kuɗi a gwama irin waɗannan shirye-shirye a jihohi da dama, a ga wanne ya fi amfani.

Kada yabon ya rufe mana ido. Amurka tana da kusan kashi 4 cikin 100 na matan duniya, amma a lissafin 2018 wajen kashi 30 cikin 100 na matan da ke tsare a duniya a can suke. A Minesota kanta, matan 'yan asalin ƙasar, Dakotawa da Ojibwe, yawansu a Shakopi ya ninninka kasonsu a cikin jama'a. Ciwon na Amurkawa ne, su suka jawo shi. Abin da nake yabo shi ne waɗanda suka ƙi kau da kai, da jami'ar da ta ɗauki matar da duniya ta juya wa baya a matsayin wadda ta cancanci lokacin farfesa.

A kan hanyar dawowa tunanin gida ne ya cika ni. A wani fannin mun fi su tausayi: a Najeriya ana barin jariri wurin uwarsa a gidan gyaran hali har ya kai wata 18. Sai dai a wane ɗaki? Da wane abinci, wane gidan sauro, wace allurar rigakafi? Mata wajen kashi 2 cikin 100 ne na waɗanda ke tsare a ƙasar, gidajen da aka keɓe musu su kaɗai 'yan ƙalilan ne, irin na Kirikiri a Legas da na Numan a Adamawa, sauran kuwa wani lungu ne ake yanka musu a gidan maza. Da yawansu ma shari'a suke jira, ba a kama su da laifi ba tukuna.

Kuma ba doka muka rasa ba. Dokar Hukumar Gidajen Gyaran Hali ta 2019 ta yi tanadin kula da masu ciki da masu shayarwa da jariransu, ta kuma buɗe hanyar hukuncin da ba sai an kulle mutum ba. Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin yara ta 1990, wadda Najeriya da Nijar duka suka amince da ita, sashe na 30 ya ce a fara duba hukuncin da ba na ɗauri ba ga mai ciki da mai goyo. Ƙa'idojin Bankok na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2010 haka suka ce. Tun kafin duk waɗannan, ɗaliban hadisi sun san labarin matar nan Bagamidiya da ta zo gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta amsa laifinta tana da ciki: aka mayar da ita sai ta haihu, da ta haihu aka sake mayar da ita sai ta yaye. Haƙƙin jariri aka gabatar.

Abin da muka rasa shi ne mai zuwa ya ƙirga, ya rubuta, ya koma gobe ya sake ƙirgawa, sannan ya kai wa masu mulki. Daga tsohuwar harabar Jami'ar Bayero zuwa gidan yarin Goron Dutse ko na Kurmawa ba tafiya ba ce. Haka Zariya, haka Sakkwato, haka Maiduguri, haka Yamai da Damagaram da Maraɗi. Muna da sassan lafiyar al'umma, muna da makarantun ungozoma, muna da ɗalibai masu neman abin da za su rubuta kundi a kai, muna da ƙungiyoyin mata masu kai sadaka gidan yari duk azumi.

Malamaina na jami'a da 'yan'uwana ungozomomi, ga roƙona. Ku nemi izinin shugaban gidan gyaran halin da ke garinku, ku ware rana ɗaya a mako. Ku shiga da awon ciki da katin rigakafi da littafin rubutu. Ku san masu ciki nawa ne, jarirai nawa, nauyinsu nawa, wacece ke jiran shari'a kan abin da beli zai iya warwarewa. In shekara ta zagayo, ku kai abin da kuka samu gaban babban jojin jiha da majalisar dokoki.